Littafin aikin ajin zane na CM1 (aji biyar na firamare), Garwa, Kamaru

Alhamis, 12 ga Satumba 2024

An koma lekol, wato makarantar boko, ranar Litinin. Ajin CM1 bana yara 72 ne a kan benci 20, wasu uku-uku, wasu huɗu-huɗu. Manhajar firamare ta 2018 ta ba zane da aikin hannu gurbi kamar kowane darasi, amma kowa ya san yadda ake yi da sa'ar: ko a cike giɓin lissafi da Faransanci, ko malam ya zana mangwaro a allo ya ce a kwafa. Bana za a yi darasin da gaske, sa'a ɗaya kowace Alhamis, a rufe da zanen bango kafin bikin matasa na 11 ga Fabrairu.

Ƙungiyar iyaye da malamai ta ware sefa 25,000. In aka raba wa yara 72, kowa bai kai 350 ba. Don haka launi, gawayin zane, burushi da gam duk a nan za a haɗa su, kuɗin kuma a kashe su a kan abin da ba ya tsirowa ba a haƙo shi.

Gwajin farko: an ba kowa rabin takarda aka ce ya zana gidansu. Takardu 58 gida ɗaya suka fito da shi: akwati mai kusurwa huɗu, rufi mai tsini, bututun hayaƙi a sama, rana a lungun takarda. Duk unguwar nan babu gida mai bututun hayaƙi. Ba wanda ya zana zaure, ko katanga, ko bishiyar tsakar gida. Daga littafin karatu aka haddace shi tun SIL, ajin farko, kuma kusan duka ƙanana ne, sun maƙale a gindin takarda kamar ana jin tsoron farin. An ajiye su a kwali don a gwada da na Fabrairu.

Asabar, 21 ga Satumba

Sayayya: rim ɗaya na takarda 3,500, bokiti biyu 2,000, ƙaro rabin kilo 1,000, yadin tata 300, zare 200. Saura 18,000.

An ƙona gawayin zane. Gawayin girki bai dace ba, yana da tauri kuma yana yaga takarda. Yadda aka yi: sandunan darbejiya da gwaiba masu kaurin fensir, an feƙe ɓawon, an yanka tsawon santimita 10, an shanya kwana biyar. An cusa su a tsaye cikin gwangwanin madara har ya cika maƙil, an rufe, an huda murfin da ƙusa huda ɗaya, an binne cikin garwashi. Hayaƙi fari yana fita ta hudar, daga baya ya kama da wuta kamar fitila. Idan wutar ta mutu, an gama, wajen minti 50 ke nan.

Gwangwani na farko ya lalace, domin an buɗe shi da zafinsa: iska ta shiga, sandunan suka kama, suka zama toka a kan ido. Na biyu an toshe hudar da laka aka bar shi ya huce har safe, ya ba da sanda 64 masu kyau. Na darbejiya ya fi laushi da baƙi, na gwaiba ya fi riƙe tsini. An gwada tsamiya, tana karce takarda, an bar ta.

Alhamis, 26 ga Satumba

Darasin duba. An ɗora buta a kan tebur a tsakiyar aji, an juya bencina suka kewaye ta. An goge allo tas, ba a zana komai a kai ba, domin duk abin da malam ya zana shi za a kwafa, a manta da butar.

Inda suka fi tuntuɓe bakin buta ne. Wasu sun yi shi da'ira cikakkiya kamar ana leƙensa daga sama, wasu layi miƙaƙƙe. An ɗauko faifai aka riƙe shi a tsaye, kowa ya ce da'ira ne. Aka riƙa kwantar da shi a hankali har ya zama kamar ƙwai, sannan kamar ƙwallon dabino, sannan layi. Sau uku aka maimaita, a tsaya a tambaya: yanzu me kuke gani? Bayan haka aka koya musu awo da tsinke: a miƙe hannu sosai, a rufe ido ɗaya, a auna faɗin buta da babban yatsa, a ga sau nawa ya shiga tsayinta. Wanda ya lanƙwasa gwiwar hannu awonsa ya tashi a banza.

Duk gwaji a kan ardwaz, ƙaramin allon hannu na ɗalibi, aka yi da alli. Takarda sai a minti 20 na ƙarshe. Da haka rim ɗaya zai kai mu Disamba.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Buta kuma, da tulu a gefenta. An rufe tagogin gefe ɗaya don haske ya zo ta hanya guda, aka yi inuwa da gawayi ana murzawa da yatsa. Riguna sun yi baƙi. Daga yau kowa ya zo da tsohuwar riga.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ranar malamai, ba aiki.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Haɗa launin ƙasa. An samo iri uku: jar ƙasa daga ramin da ake ɗibar ta don hanya, rawaya daga gefen wani kwari a hanyar Pitowa, da guntayen alli na aji don fari. Ƙasa ba ta zama fenti sai an raba ta da yashi, kuma hanyar ita ce ta regayar gero. A zuba gwangwani uku na ƙasa a bokiti, a cika da ruwa, a dama da hannu har ba sauran gudaji. A ƙirga 40. Yashi ya riga ya kwanta, sai a tsiyaye ruwan da ke sama mai launi cikin bokiti na biyu ta yadin tata. A bar shi ya kwana. Da safe ruwan ya yi garau, a zubar a hankali, lakar da ta kwanta a ƙasa ita ce launin. A shimfiɗa a faranti ta bushe, a niƙa. Gwangwani uku na jar ƙasa bai ba da fiye da rabin gwangwani ba. Wanda ya samu fiye da haka bai jira yashi ya kwanta ba.

Rawayar ƙasa in aka soya ta a busasshen kasko tana juyewa ja mai duhu, saboda zafi yana korar ruwan da ke ɗaure da sinadarin ƙarfen cikinta. Ke nan daga rami ɗaya launi biyu. Za a yi wannan a gaban yara, darasin kimiyya ne a kyauta.

Ruwan ƙaro: kofi ɗaya na dakakken ƙaro, kofi biyu na ruwan ɗumi, ya kwana biyu, a tace. Fari mai haske ake zaɓa, jan yana dushe launi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ranar fenti ta farko, kuma ba ta yi kyau ba. An raba aji rukuni 12, mutum shida-shida, kowane rukuni da murafun gora huɗu na launi. Ba a auna ƙaro ba, an zuba da ido, shi ne tushen matsalar.

Rukunan da aka fara zuba wa sun samu ƙaro da yawa: fentin ya bushe yana ƙyalli kamar an shafa majina, ya tsattsage, takarda ta nannaɗe. Na ƙarshe kuwa ƙaro ya yi kaɗan, da an taɓa sai launi ya biyo yatsa kamar hoda. Baƙin ya ƙi haɗuwa da ruwa sam, garin gawayi yana yawo a sama. Burushin gashin akuya da aka ɗaure da zare kawai, takwas cikin 24 sun zube a cikin fenti.

Abin da aka gyara da yamma, a kan fasasshen tayil da gindin kwalba a matsayin abin niƙa: cokali ɗaya na garin launi, cokali ɗaya na ruwan ƙaro, a murza minti biyar har ƙarar yashi ta daina. A ja layi a takarda, ya bushe, a goga da yatsa. In ya biyo yatsa a ƙara ƙaro rabin cokali, in ya yi ƙyalli a ƙara gari. Jar ƙasa ta tsaya a ɗaya da ɗaya. Rawaya ta nemi ɗaya da rabi. Gawayi ya sha biyu, kuma sai an fara jiƙa shi da ɗigon ruwan sabulu. Cokali ɗaya na zuma a kofin ruwan ƙaro yana hana tsagewa, kuma yana sa busasshen fenti ya narke da wuri in an ɗiga masa ruwa.

Burushi: a tsoma gindin gashin cikin ƙaro mai kauri kafin a ɗaure, a cusa cikin bututun tsohon bik (biro), a bar shi kwana biyu. Duk da haka ƙaro yana narkewa in an bar burushi a ruwa, don haka doka: ba a jiƙa burushi, a wanke a kwantar. Ga manyan wurare asuwakin da aka daddaka bakinsa ya fi komai.

Zuma 500, kanumfari 100. Saura 17,400.

Talata, 22 ga Oktoba

Ruwan ƙaron da ya rage ya yi tsami, fumfuna ta rufe shi cikin kwana biyar. An zubar. Sabon an jefa masa kanumfari biyar, kuma ba za a ƙara jiƙa fiye da na mako ɗaya ba. Fentin da aka bari ya bushe a murafun gora bai yi komai ba. A bushe za a riƙa ajiye shi.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Wani uba ya zo da safe a kan maganar hoton mai rai. Ya ce, "Malam, ba na hana yaro karatu, amma kada a sa shi zana mutum ko dabba." Ba shi kaɗai ba ne, yara uku sun riga sun faɗi haka a aji. An zauna da direkta, wato shugaban makaranta, da shugaban ƙungiyar iyaye. Matsaya: babu yaron da za a tilasta wa zana mai rai, babu makin da ya rataya a kan haka, kuma bangon da za a zana na kowa ne, don haka tsirrai, kayan gida, gini da zayyana za a sa. Aikin bai rasa komai ba, duba da awo da inuwa duk ana koyonsu a jikin tulu. An ce masa, "Alhaji, ranar Alhamis mai zuwa ka shigo ka gani da idonka."

Alhamis, 31 ga Oktoba

An gayyato wani alaramma mai zayyanar allon sauka. Ya zo da alƙaluman kara, tawadarsa, da allo guda da ya gama. Bai yi dogon bayani ba. Ya ja layin tsakiya, ya raba fili gida-gida da tsinke, ya fitar da da'ira da zare da ƙusa, sannan ya fara cikawa daga tsakiya zuwa baki, abin da ya yi a dama ya maimaita a hagu. Aji ya yi tsit, abin da ba a taɓa samu ba.

Yaran da ke zuwa makarantar allo da asuba su suka fi kowa riƙe alƙalami, har da waɗanda ke can ƙasa a Faransanci. Biyu daga cikinsu sun iya feƙe alƙalami da tsaga bakinsa, an naɗa su masu kula da wannan. Uban nan ya zo, ya tsaya a taga har aka tashi.

Wannan darasi ya haɗu da na lissafi a kan siffofi masu ɓari biyu daidai, don haka malamin CM2, aji shida, ya nemi a ara masa allon.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Launin tsirrai. Zoɓo 200, kurkum 200, karan dafi 200, kanwa 100. Saura 16,700.

Kowanne an tafasa tafin hannu ɗaya a kofi biyu na ruwa har ya koma rabin kofi, an tace, an ƙara ƙaro cokali biyu. Zoɓo ja ne a kofi, amma a takarda yana bushewa shuɗi-shuɗi mai toka. Ɗigon lemun tsami yana mai da shi ja mai haske, ɗigon ruwan kanwa ya mai da shi kore mai duhu. Kurkum rawaya ne mai ɗaukar ido, kanwa ta taɓa shi ya koma ja-ja. Karan dafi sai da ɗan kanwa yake sakin launinsa sosai, kamar yadda dukawa ke yi wa fata. An kuma haɗa baƙin dukawa: dakakkiyar bagaruwa a jiƙa kwana uku, a wani gwangwani ƙusoshi masu tsatsa cikin ruwan tsami, a haɗa su. Yana hawa takarda fari-fari, ya yi baƙi a hankali da ya sha iska. Yara za su so wannan.

An shirya gwajin rana: layi bakwai a kan takarda ɗaya, kowane launi da sunansa, an rufe rabin kowane layi da kwali, an manna a tagar gabas.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Haɗa launi. An ce su zana tutar ƙasa, kore, ja, rawaya da tauraro a tsakiya, sai kore ya gagara. Ruwan ganye kore ne yau, gobe ruwan ƙasa. An sayo bula ta wanki ƙulli uku, 300. Bula da rawayar ƙasa suna ba da kore mai duhu kamar ganyen da ƙura ta rufe, domin shuɗin bula yana da ɗan ja a ciki, jan kuwa yana kashe kore. Bula da kurkum sun ba da kore mai kyau ƙwarai. An ƙara layinsa da na bula a takardar gwajin rana, sai dai a jira abin da taga za ta ce.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An ɗaga kwalin bayan kwana 14. Kurkum ya tafi kusan gaba ɗaya. Zoɓo ya koma toka. Koren bula da kurkum ya zama shuɗi zalla, rawayar ta gudu ta bar bula. Karan dafi ya ɗan kwanta amma yana nan. Jar ƙasa, rawayar ƙasa, gawayi, bula da baƙin bagaruwa ba a iya gane inda kwali ya tsaya.

Hukunci: launin tsirrai na cikin kaye, littafin rubutu, ne da abin da za a rufe. Bango launin ƙasa, gawayi da bula kawai. Koren mai duhu da shi za a yi haƙuri.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Buga tambari. An yanka dankali biyu, an sassaƙa dagi da siffofin zayyana, an buga a takardar buhun siminti (ta tsakiya, wadda ba ta taɓa siminti ba). Dankali yana yin aiki rana ɗaya, washegari ya yanƙwane. Tsohon silifa ya fi shi nesa: a zana da bik, a yanke, a manna a guntun katako. Reza a hannun malam kaɗai, yara su zana su kawo a yanka musu. Fentin ƙaro ya yi ruwa da yawa ga tambari, an ƙara masa kokon rogo: cokali ɗaya na sitaci a cokali takwas na ruwa, a dafa har ya yi garau. Sitaci 500. Saura 15,900.

Duk waɗanda suka sassaƙa harafin farko na sunansu ya fito a juye. Ba a gargaɗe su ba da gangan. Yanzu ba mai mantawa.

Litinin, 2 ga Disamba

Kyankyasai sun lashe takardun tambari 11 a kabad, sitacin suke bi. Sauran an rataye su a igiya.

Alhamis, 5 ga Disamba

Yumɓu daga bakin kogin Binuwai, mai kura ya kawo a 1,000. An jiƙa kwana biyu, an tsince tsakuwa, an cuɗa. Kowa ya gina ƙaramin kasko ko tulu ta hanyar murza igiyar yumɓu a ɗora kan juna. An jera su a baranda.

Litinin, 9 ga Disamba

Cikin 72, guda 47 sun dare. Hunturu ya sauko, iska ta busar da baki da waje tun ciki yana ɗanye, wajen ya tsuke, ciki ya ƙi. Kuma yumɓun zalla aka yi amfani da shi, ba a haɗa shi da komai ba.

An kai samfur wa wata tsohuwar maginiya. Ta murza shi a yatsa ta ce, "Ɗana, wannan ai mai ne, ba ka ba shi ƙashi ba." An ce, "Inna, nawa za a sa?" Ta ce kashi uku yumɓu, kashi ɗaya dakakken tsingaro da aka tankaɗe. Ta ƙara da cewa kaurin jiki kada ya wuce ɗan yatsa, gindi da baki su zama kauri ɗaya, wurin haɗa igiya a karce shi a shafa ruwan yumɓu, sannan a shanya a ɗaki a ƙarƙashin buhun algarara mai laima kwana uku kafin iska ta gan su. Waɗanda suka dare ba asara ba ne tunda ba a gasa ba, an farfasa an mayar cikin ruwa.

Alhamis, 12 ga Disamba

An sake ginawa yadda ta ce.

Alhamis, 19 ga Disamba

Shida kaɗai suka tsage. Za su ƙarasa bushewa a hutu, maginiyar ta gasa su tare da tukwanenta a 2,000. Saura 12,900.

Makin zango a kan 20: duba da daidaita girma 6, cika takarda 4, kula da kayan aiki 5, iya bayanin yadda aka yi 5. Ba a ba da maki don "kyau" ba, domin da an yi haka yara biyar ɗin da aka sani za su kwashe, sauran su koma kwafar nasu.

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

An dawo. Kasake 61 sun fito lafiya daga wuta, biyar masu kaurin gindi sun fashe.

Shirin bango. Katangar da ke fuskantar filin taro, shafen siminti ne ba fenti, tsawo mita 6, tsayi mita 1.8. An raba ta fili shida na mita ɗaya-ɗaya, rukuni biyu a kowane fili. Kafin su fara zane an ba su labarin wurare biyu. Bidzar, kusa da Figil a hanyar Marwa, inda mutanen zamanin da suka sassaƙa da'irori a kan shimfiɗaɗɗun duwatsu, wata cikin wata, wata jingine da wata. Da Gawi, kusa da Njamena, garin Kotoko inda mata ke ƙawata bangon gidaje da launin ƙasa. Nufin su san cewa zanen bango da ƙasa ba abin talauci ba ne da aka ƙirƙiro don babu kuɗin fenti.

Kowane rukuni zai kawo zane a takarda mai gida-gida na santimita 2. A bango kowane gida santimita 20 ne, wato gida 5 a faɗi, 9 a tsaye.

Asabar, 18 ga Janairu

Buhun farar ƙasa ta shafe, wadda masu kanti ke kira chaux, 5,000, burushin shafe biyu 1,500, safar hannu 1,000, bula 500. Saura 4,900. An jiƙa rabin buhu a ganga tun Litinin. Wannan ba ta hannun yara ba ce: tana cin fata, in ta shiga ido a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 a tafi asibiti.

An yi shafen fari na farko da hantsi.

Litinin, 20 ga Janairu

Shafen ya ƙi. Duk wanda ya jingina sai ya tashi da fari a baya, wasu wuraren suna ɓanɓarowa kamar ɓawon ƙwai. Kurakurai uku aka haɗa: an dama da kauri don a gama a shafe ɗaya, ba a jiƙa bangon ba, kuma an yi da rana cikin iskar hunturu. Farar ƙasa ba bushewa ke kama ta ba. Tana buƙatar ta zauna da laima tana shan iska a hankali har ta koma dutse. In ruwan ya gudu cikin minti goma, gari kawai ya rage a bango.

An kankare da busasshen burushi. Sabon tsari: kashi ɗaya na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, kashi uku ruwa, ta yi tsinkewar madara. A jiƙa bango sosai, a jira ƙyallin ruwan ya ɗauke. A shafa bayan la'asar lokacin da inuwa ta rufe katangar, a rataya jiƙaƙƙun buhuna a gabanta su kwana. Da ɗanyenta kamar ba a shafa komai ba, kada wannan ya ruɗi mutum ya ƙara kauri, da safe farin ke fitowa. Shafe uku, kwana ɗaya tsakani. Mai ruwa 900. Saura 4,000.

Asabar, 25 ga Janairu

Shafe na uku ya kama, tafin hannu yana fitowa da tsabta. An ja gidajen da igiya da aka shafa wa garin jar ƙasa: mutum biyu su ja ta tam, na uku ya ɗaga tsakiya ya saki.

Alhamis, 30 ga Janairu

An mayar da zane bango da gawayi, gida bayan gida. Rukuni ɗaya ya fara ƙirga daga sama, abokin aikinsa daga ƙasa, sai rumbunsu ya rabu biyu a ƙugu. An sa lamba a gefen kowane layi, an goge an sake.

Filayen: rumbu da zangarniyar dawa, zaure da dagi a goshinsa, kwalekwale da gadar Binuwai, reshen auduga, tulu da ƙwarya da faifai, na ƙarshe da'irori irin na Bidzar da zayyana a kewaye.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Fentin bango ba a sa masa ƙaro, ruwan sama na farko zai wanke shi. Ana dama garin launi da tsinkakkiyar farar ƙasa, launi kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na farar, in ya wuce ba abin da zai riƙe shi. Yana bushewa da haske sosai fiye da yadda yake a bokiti: jan da ya yi kamar jini ya bushe kamar tubali. Sai a gwada a gefen katanga a jira minti 30 kafin a yanke hukunci.

Baƙi ne ya ba da wahala, gawayi da farar ƙasa toka suke bayarwa. Mafita nono tsala, wanda aka cire wa mai: a tsane ruwansa a yadi, cokali biyar na dunƙulen, cokali ɗaya na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, a murza har ya zama kamar gam, a tsinka da ruwa, a zuba gawayi. In ya bushe ruwa ba ya narkar da shi. Sai dai a haɗa na sa'a biyu kawai, yana daskarewa. An yi haka ma ga ja mai duhu na layukan dagi. Nono 400. Saura 3,600.

Malam ke dama launi, yaran da ke shafawa leda a hannu, kuma ba mai shafa sama da kansa don kada ya ɗigo a ido. Saman sai a kan benci.

Alhamis, 6 ga Fabrairu da Asabar, 8

Shafe. Rukuni huɗu a lokaci ɗaya, sauran suna aji suna sake zana gidansu. Daga sama zuwa ƙasa, mai haske kafin mai duhu, baƙin layi a ƙarshe. Koren reshen auduga ya fito da dabbare-dabbare domin bula tana kwanciya a gindin gwangwani. A juya kafin kowace tsomawa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Biki ya wuce, an jera kasake da takardu a gaban katangar. An gwada zanen gida na yau da na Satumba: bututun hayaƙi ya rage a takarda tara, zaure ya fito a 40, kuma yawancinsu sun cika takardar. Bakin tulu har yanzu yana kayar da kusan kashi ɗaya cikin uku, za a koma wa faifai.

An watsa wa gefen kowane fili kofin ruwa an goga da tsumma. Baƙi da ja mai nono ba su motsa ba. Rawayar fili na biyar ta ɗan biyo tsumma, can ne aka zarce awo don a samu launi mai ƙarfi. Za a bi ta da ruwan saman ganga, garau ɗin da ke kan farar ƙasa, sau biyu da yamma. Gwajin gaskiya sai ruwan farko ya sauka.

Saura 3,600, da rabin buhun farar ƙasa, da ƙaro kamar kofi ɗaya. Takarda ta ƙare, rim kuwa 3,500 ne, don haka za a nemi kwalaye a kasuwa a shafa musu alli da sitaci, kuɗin a sayi kaba da ƙananan ƙore don saƙa da zanen ƙwarya. Azumi zai kama a farkon Maris ga zafi yana shigowa, an roƙi direkta a mayar da darasin sa'ar farko ta safe. A rege jar ƙasa da rawaya bokiti biyu-biyu yanzu, tun ramukan suna bushe.